Matar da Ke Karanta Sheƙar Ɓeraye

A'a, ba sugan shayi ba ne. Ba na lemon kwalba ba ne, ba kuma wanda likita ke hana iyayenmu ba. Tun da labarin binciken nan ya fito kuke ta tura wa juna a waya: "An gano suga na kawo ciwon damuwa, a daina sha." Wa ya gano? A wane shafi? Kun karanta layi ɗaya na kanun labari, kowa ya zama likita. Wani har hoton cokali ya sa da jan kuros a kai. Kuma duk cikinku, masu yaɗawa da masu ƙaryatawa, babu wanda ya tsaya ya tambayi sunan nan na huɗu a jerin waɗanda suka yi aikin, sunan da babu Dakta babu Farfesa a gabansa. To ku gyara zama, ita ce labarin.

A wurin aiki Uwar Ɓeraye ake ce mata, kuma tana amsawa. Gajeriya ce, irin gajartar da sai da benci ake kaiwa saman firji. Shekararta arba'in da shida, 'ya'yanta uku, mijinta mai gyaran firji ne. Sakandare ta gama ta tsaya. Da tsintsiya ta shiga cibiyar binciken, daga shara aka mai da ita wankin keji, daga nan mai kula da ɓerayen ya yi ritaya, aka ce ta riƙe na wata ɗaya kafin a samo wani. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana neman wanin.

Ɗakin ɓerayen ba shi da taga. Kafin ka shiga sai ka sa riga, hula, safar hannu, har takalmi sai an sa masa leda. Ciki sanyi, ƙarar fanka ba ta tsayawa, ga warin garin katako da fitsari wanda baƙo ke toshe hanci saboda shi, ita kuwa ta daina ji tun tuni. Kantocin ƙarfe huɗu ne, kowace hawa shida, a jere da kejin roba masu kama da kwalin takalmi. Kowane keji da katinsa a gaba: lamba, ranar haihuwa, irin ɓeran.

Bayan katin kuwa nata ne.

Duk mako idan ta canza keji takan sa ɗan guntun auduga a ciki. Washegari da safe ta bi ta duba. Ɓeran da hankalinsa ke kwance zai tsattsage audugar ya gina sheƙa zagayayya, mai bango mai zurfi, ya shige ciki sai dai ka ga kan hancinsa. Wannan ta sa masa suna kwano, sai ta zana da'ira a bayan katin. Wani zai tara audugar ya kwanta a kai ba bango, wannan faranti, layi ɗaya. Wani kuma zai bar ta a warwatse, ko ma bai taɓa ta ba, yana can lungu a takure. Wannan shara, kuros. A gefe ta rubuta kwanan wata da lambar hawan da kejin yake, don kada ta manta inda ta ɗauko shi. Da fensir take yi, ƙanana. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya sani. Tana yi ne kawai don ta san wa za ta sa wa ido a makon.

Ba a littafi ta koya ba, a gida ta koya. Yayanta malamin makaranta ne, mutumin da har hankici yake gogewa. Wata shekara ya fara shiru. Dangi suka ce lalaci ne, wasu suka ce girman kai ne. Ita kuwa ta leƙa ɗakinsa ta ga zanin gado a duƙunƙune a ƙasa, matashi ba riga, kwana biyar a haka. Ta ce, "Yaya, tashi mu je asibiti." Ya ce ba abin da ke masa ciwo. Ta ce, "Na sani. Tashi dai." Likita ya ce ciwon damuwa ne, aka ɗora shi a magani, a hankali ya dawo aji. Tun daga lokacin idan ta shiga ɗaki, shimfiɗa take fara dubawa kafin fuska.

To me ake yi da ɓerayen? Ita ma ta yi wannan tambayar, kuma ga yadda ta mayar wa mahaifiyarta da bayanin, wanda ya fi naku na waya sau goma.

"Inna, ƙwaƙwalwa kamar ma'aikata ce. Akwai manya masu magana, su ke aika saƙo, su kowa ya sani. Akwai kuma wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, su ba sa magana. Su ke kai wa manyan abinci, su ke kwashe ragowar saƙon da ya zube don kada wuri ya cuɗe."

"Masu shara ke nan," in ji Inna.

"Irinmu ke nan. To a cikinsu akwai kayan aiki, furotin ake ce musu. Ita ƙwayar da kanta takan manna wa furotin ɗin wani ɗan mitsitsin suga, kamar yadda nake manna kati a keji. Idan aka manna, aikinsa ya canza. Su Farfesa suna zargin cewa idan aka daɗe ana takura wa ɓera, mannawar tana yawa, sharar ta rikice, shi ya sa wani ɓeran ke karaya wani bai karaya ba."

Inna, wadda ciwon suga ya raba da duk wani abu mai zaƙi shekara tara, kalma ɗaya ta kama a duk jawabin.

"Ashe maganin suga kuke haɗawa. Allah ya yi albarka. Idan ya fito ki fara kawo min."

Kun gani? Inna tana da uzuri, ba ta da waya. Ku fa?

Gwajin kansa ba wuya. Akwai ɓeraye iri biyu: na gama-gari, da na musamman, waɗanda aka rage wa ƙwayoyin taurarinsu ikon manna sugan nan. Dukansu ana kai su kejin wani ƙaton ɓera mafaɗaci na 'yan mintuna kullum, kwana goma, ya kora su ya tsorata su. Uwar Ɓeraye ta tsani wannan ɓangaren, ita ke tsayawa da agogo, kuma ita ke duba jikinsu bayan an gama. Daga nan sai a rataya wa kowanne kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwa mai ɗan zaƙi. Lafiyayyen ɓera zaƙin yake bi. Wanda ya karaya ba ruwansa, duk wadda ya samu. A auna kwalaben a sikeli, a ga wa ya sha me. Wata Dakta da ta fara aikin ta gwada da ɓeraye kaɗan, ta ga waɗanda aka rage wa mannawar sun jure, ba su bar zaƙi ba. Ta samu aiki wani wuri ta tafi, aka ba Dogo ya maimaita da yawa.

Dogo ɗalibin digiri na uku ne, mai shekara talatin da 'yan kai, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Yana gaisuwa, yana ce mata Anti. Amma irin mutanen nan ne da idan abu ba a takarda yake ba, to babu shi. Ranar da ya jera kejinsa, ya sa ɓerayensa na musamman a hawa na ɗaya da na biyu daga sama, daidai idonsa, na gama-garin kuma ya tura su ƙasa. Sannan ya manna takarda da jan biro: KADA A MOTSA.

Ta tsaya ta karanta, ta ɗaga kai ta kalle shi.

"Dogo, ni fa duk mako nakan juya su. Na sama su sauko, na ƙasa su hau. Sama haske ya yi yawa, ba sa so."

"Anti, an auna hasken ɗakin nan, yana kan ƙa'ida. Akwai takardarsa."

"Takardar ce ke kwana a sama ko ɓerayen?"

Ya yi dariya, ya ce shi dai a bar masa su yadda suke. Ta bari.

Sakamako ya fito ba komai. Na musamman da na gama-gari duk sun bar zaƙi, ba bambanci. Aka sake, wata uku, haka. Dogo ya rame, ya daina tsayawa hira a baranda. Ya duba sikeli, ya duba sugan, ya sa aka sake gwada jinin ɓerayen ko an haɗa iri, komai daidai. Rannan yana juya kati a hannunsa don takaici, ya ga bayansa. Da'ira, layi, kuros, lambobi. Ya ciro na gaba, haka. Ya ciro goma.

Da hantsi aka kira ta ofishin Farfesa. Dattijo ne mai tabarau a goshi, wanda kan neme su alhali suna kansa. Katunan na baje a kan teburinsa, Dogo na tsaye gefe yana kallon ƙasa.

"Malama, rubutun wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Sheƙarsu nake—"

"Katin gwaji ba littafin zane ba ne. Mutum biyu ke shiga ɗakin nan, ke da shi. Shi ya ce ya rataya kwalabe daidai. Ke kuma ga shi kina taɓa abin da ba a sa ki ba. Ta yaya zan san ba kya sauya kwalabe wajen cika su? Ko da kuskure ne?"

"Ban taɓa sauya kwalba ba."

"Ban ce da gangan ba. Amma wata shida sun tafi a banza. Daga ɗaya ga wata za ki koma ɗakin wanki, za mu kawo mai takardar shaida."

Ta kalli Dogo. Dogo ya kalli takalminsa, wanda daga tsayinsa tafiya ce mai nisa.

Saura kwana tara wata ya ƙare.

Da yamma ta biya shagon mijinta, ta same shi rabin jikinsa a bayan wani firji. Ta zauna a kan bokitin fenti ta ba shi labari. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"To ki dawo nan mana, Uwar Ɓeraye. Akwai su a bayan shagon nan manya-manya, ba kati ba hula. Har ni sai ki duba min sheƙata."

"Taka shara ce tun ranar da na aure ka."

"Kai, wannan mata." Ya zauna kusa da ita. Ya ga ba ta yi dariya ba, ya sauke murya. "Wankin ne ba kya so?"

"Na yi wanki shekara huɗu, bai kashe ni ba. Cewa na ɓata aiki ne ba zan haɗiye ba. Kuma na san abin da ya ɓata shi, na faɗa, an ce babu a takarda."

"Ni idan mai firji ya ce ni na lalata masa, ba na musu da shi. Tsohon ƙarfen da na cire nake ɗaukowa in ajiye masa a gaba. Shi ya sa ba na zubar da komai."

"Shi ya sa shagon nan ya zama juji," ta ce. Sai ta miƙe tsaye har bokitin ya kife.

Su ma ba sa zubar da komai. Doka ce a cibiyar, duk katin da aka cire sai an ajiye shi.

Washegari ta je wurin mai sito. Ya ce kwali goma sha huɗu ne, kuma suna can ƙarƙashin karyayyun kujeru, me za ta yi da su?

"Zan dafa ne."

"A ajiye min nawa," ya ce, ya miƙa mata mabuɗi.

Kwana biyar tana ba da lokacin cin abincinta ga katunan, zaune a ƙasan sito, ƙura har cikin hanci. Ba ta duba gaban kati, bayansa kawai. Ta yi tsibi shida, hawa na ɗaya zuwa na shida, ta ɗaure kowanne da roba.

Ranar Litinin akwai taron masu bincike. A shekara goma sha biyar ta shiga ɗakin taron nan sau ɗari, amma da tsintsiya ko da kujera a hannu. Wannan karon da kwali ta shiga, ana tsakiyar magana. Ba ta tsaya ba sai da ta kai tebur.

"Malama, muna taro," in ji Farfesa.

"Na gani, ranka ya daɗe. Minti biyar nake roƙo. In ban da gaskiya, ba sai ɗaya ga wata ba, yau zan koma wanki."

Ba ta jira amsa ba. Ta ture kofuna, ta fara shimfiɗa katunan a kife, layi shida, kamar yadda kanta take. Ta yi musu bayanin kwano da faranti da shara. Wata ɗaliba ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki.

"Ki yi dariyarki, 'yata, sunan nawa ne. Amma ku taso ku duba."

Suka taso. Ba sai an iya lissafi ba. Layukan tsakiya da na ƙasa da'ira ce ta cika su, kuros jefi-jefi. Layin sama kuwa kuros ne reras, na biyu ma ba dama.

"Waɗannan ba na Dogo ba ne," ta ce. "Na shekarun baya ne, ɓerayen da ba wanda ya takura musu, ba ƙato ba komai. Ɓera ɗaya, ga shi nan, lamba ɗaya: wannan makon yana sama, shara. Na sauko da shi, bayan mako biyu kwano. Shi ya sa nake juya su. Su kuma waɗannan," ta ciro wani ɗauri daga aljihun rigarta, "na Dogo ne. Na musamman ɗinsa duk a sama suka yi wata uku ƙarƙashin fitila, ba a motsa ba. Ƙato na takura musu minti biyar, fitila na takura musu wuni guda. Na gama-garin suna ƙasa cikin inuwa suna hutawa. Ta ina za ku ga bambanci?"

Farfesa ya laluba tabarau a aljihu, ya laluba a tebur.

"Suna goshinka, ranka ya daɗe."

Ya sauko da su. Ya daɗe a sunkuye yana bin layin sama da yatsa. Sannan ya juya wajen Dogo.

"Me ya sa ka sa su duka a sama?"

Dogo ya ce, "Nan ne daidai idona, Farfesa. Don in riƙa ganinsu da kyau."

"Ita Daktar da ta fara aikin fa, ina ta sa nata?"

"Hawa na uku da na huɗu," in ji Uwar Ɓeraye. "Dukansu. Da kaɗan ta fi ni tsawo."

Wannan karon kowa ya yi dariya, ban da Dogo. Aka ɗauko na'urar auna haske, duk taron suka sa hula da leda suka shiga ɗakin. A tsakiyar ɗaki, daidai ƙugu, inda aka auna tun farko, lamba na kan ƙa'ida. Aka miƙa wa Dogo ya ɗora a hawan sama, tunda shi kaɗai ke kaiwa ba benci. Ya karanta lambar a ransa, ya sake karantawa, sannan ya faɗa. Ta ninka ta tsakiya kusan sau huɗu.

Farfesa dai Farfesa ne. Ya ce, "Wannan bai nuna zarginmu gaskiya ne ba. Ya nuna gwajinmu ne ya karkace. Kuma bai wanke maganar kwalabe ba. Za a sake. Takardar canjinki tana cikin durowa har mu ga sakamako."

"Na yarda," ta ce. "Amma da sharaɗi. Kwalabe ba zan taɓa ba, ko kallonsu. A cire sunan iri daga katin, a bar lamba kawai, kada ni da shi mu san wane ne wane. Wurin zama kuma ƙuri'a za a yi."

Haka aka yi. Aka rubuta lambobi arba'in aka zuba a kwalin safar hannu, mai sito ya zo ya riƙa zarowa, duk lambar da ta fito ta samu gurbinta. Aka ɗora faifan ƙarfe a saman kantar ya tare fitila. Farfesa ya rufe takardar sirrin a ambulan ya sa hannu a bakin. Mako bakwai Dogo na auna kwalabensa, ita tana hawa benci tana zana da'irarta. Ba sa hira sosai. Rannan dai ta same shi tsugune gaban wani keji na ƙasa, ya naɗe kamar tabarma, ya ƙura wa audugar ido.

"Anti, wannan faranti ne ko kwano?"

"Akwai bango?"

"Gefe ɗaya."

"To faranti ne mai buri."

A duk makonnin nan ba ta san me zai fito ba. Ta san fitila ta ɓata gwajin baya, amma ba ta san ko maganar sugan gaskiya ce ba. Idan aka buɗe ba a ga komai ba, wa zai tuna da layin katunanta? Sai a ce an ba ta dama. Mijinta ya lura ta fara gyara gado sau biyu da safe, ya ce ko ita ma a zana mata da'ira.

Ranar buɗe ambulan, ɗakin taro ya cika har da waɗanda ba ruwansu. Farfesa na karanta lamba yana faɗin iri, ita tana ajiye kati, na musamman dama, na gama-gari hagu, duk gabansu a sama. Da aka gama arba'in ɗin, ya ce ta juya su.

Ta fara da hagu. Kuros. Layi. Kuros. Kuros. Cikin ashirin, kwano biyar. Ta koma dama. Da'ira. Da'ira. Layi. Da'ira. Ɗalibar nan mai dariya ta fara ƙirgawa da ƙarfi, sauran suka kama mata. Da aka kai sha shida, mai sito ya buga tebur har kofi ya faɗi.

Dogo ya kunna allo ya jera lissafin kwalabensa bisa iri. Ya tsaya yana kallo, bakinsa a buɗe. Na dama sun ci gaba da bin zaƙi duk da ƙato, na hagu akasarinsu sun bari. Kwalba da sheƙa sun faɗi magana ɗaya, kuma ba wanda ya ga na wani.

Farfesa ya fita. Ya dawo da takardar canjin, ya miƙa mata.

"Malama, na yi miki rashin adalci a gaban mutum ɗaya, ina ba ki haƙuri a gaban kowa. Ki yi yadda kika ga dama da ita."

Ta karɓa, ta juya bayan takardar, ta ciro fensir ta zana kuros, ta mayar masa.

"A kai sito, ranka ya daɗe. Ba ma zubar da komai."

Dogo ya tare ta a baranda. Ya sunkuyo har sai da fuskarsu ta zo daidai.

"Anti, kin faɗa min tun ranar farko. Kuma da aka kira ki ofis na yi shiru. Ki yafe min."

"Na yafe. Amma daga yau kai ne mai ɗaukar benci."

Har yanzu shi ke ɗauka.

Da aka zo rubuta takardar binciken, Farfesa ya kira ta ya ce za su gode mata a ƙarshe, a 'yan layukan ƙasa, kamar yadda aka saba. Ta nemi a nuna mata. Ta bi shafukan a hankali, Turancin ya fi ƙarfinta, amma ta tsaya a hoto na uku: sheƙa uku a jere, da dogayen sanduna na lissafi a ƙasa.

"Godiya na karɓa tun yanzu, ranka ya daɗe. Wannan hoton aikin wane ne?"

Ya kalli hoton, ya kalle ta. Dogo, da ke tsaye a bayanta, ya ce, "Idan babu sunanta a sama, a cire nawa." Farfesa ya sauko da tabarau, ya ja takardar gabansa, ya tambaye ta yadda ake rubuta sunan mahaifinta.

Shi ne sunan nan na huɗu. Yau a cibiyar kowane kati an buga masa gurbi uku a baya, kuma sababbin ɗalibai, masu digiri biyu-biyu, wurinta ake tura su makon farko su koyi bambanta kwano da faranti. Ranar da mujallar ta fito ta kai wa yayanta kwafi, ya karanta mata sunanta sau uku da muryar aji, sannan ya goge takardar da dutsen guga mai sanyi don ta ɗan lanƙwashe a jaka. Inna ta shafa shafin ta ce, "Madalla. To maganin sugan fa?"

Babu magani, Inna. Ku ma ku ji: babu magani tukuna. Ɓera ne, ba mutum ba. Abin da aka gani shi ne ƙwayoyin da aka raina, masu shara a ƙwaƙwalwa, suna da hannu a yadda ɓera ke jure takura, kuma ɗan sugan da ƙwayar ke mannawa da kanta yana cikin maganar. Binciken bai ce komai a kan abin da kuke zubawa a kofi ba. Mai ciwon damuwa asibiti zai je, kamar yayanta, ba cokali zai jefar ba.

Saboda haka ku goge saƙon nan na ƙarya, kuma ku gaya wa wanda ya turo muku. Sannan ku amsa min wannan, a nan ƙasa, ba a zuci ba. A wurin aikinku wa ke zana da'ira a bayan kati? Mai shara, mai gadi, mai wanke kwalabe, wanda ya faɗa tun farko aka ce babu a takarda? Kun san shi, kun gaishe shi yau da safe. Ku rubuta abin da ya sani wanda oganku bai sani ba. In kuma ku ne Dogon, ku ma ku fito ku faɗa. Kada wanda ya danna alamar so ya wuce shiru.